Rawar da Muka Ƙi Takawa

Wani maraice a shekarar 2023, ina ajin ƙarshe a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wata ƙawata mai karatun wasan kwaikwayo ta ja ni kallon majigi. Na bi ta ne don kada in zauna ni kaɗai a ɗaki. Aka kashe fitila, aka haska bango, sai ga bakin teku da faɗuwar rana, ga wata mace kwance rub-da-ciki a kan wani jan ƙyalle. Can sai mata suka riƙa shigowa da gudu ɗaya bayan ɗaya, ƙafa ba takalmi, kowace ta tsaya cak kamar wadda ta ji motsi a bayan gida. Kiɗan kuwa ba irin wanda kunnena ya saba da shi ba ne, ba ganga ba kalangu, sai wata ƙara mai fizga da saki. Samarin da ke bayanmu suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Yau ga bori na Turawa." Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba.

Ban san lokacin da dariyar ta maƙale mini ba. Matan nan sun dunƙule wuri guda, suna dukan cikkunansu da gwiwar hannu, suna haki, rairayi na manne wa gumin jikinsu. Maza suka zo suka tsaya gefe. Sai jan ƙyallen nan ya fara yawo a tsakanin matan. Wadda ya faɗa hannunta sai ta ɗauka tana rawar jiki, ta nufi namijin da ke jira, ta tsaya gabansa, ta juya da gudu ta koma cikin 'yan'uwanta, wata ta karɓa. Kowace tana so ya bar hannunta, kowace kuma ta san barinsa hannunta shi ne faɗawarsa hannun wata. Daga ƙarshe mutumin ya damƙe ɗaya. Aka sa mata jar rigar, sauran suka ja baya suka zuba mata ido, ta yi ta rawa ita kaɗai har ta faɗi matacciya. Da aka kunna fitila na tarar na cije gefen mayafina, ƙawata na tambayata ko lafiya.

Ba lafiya ba. Ni 'yar Birnin Gwari ce, kuma abin da na gani a bangon nan na riga na ji shi daga bakin Gwaggona, wadda ta gudo cikin gari daga ƙauyensu ta zauna a gidanmu. Daren da 'yan bindiga suka shiga musu, an tara mata a tsakar wani gida, aka ce su fito da 'yan matan da za su riƙa yi wa mutanen daji girki. Gwaggo ta ce ba wadda ta yi magana. Sai dai kowace uwa ta riƙa tura 'yarta baya a hankali, da gwiwar hannu, ba tare da ta waiwaya ba. Ta ce mini, "'Yar nan, duk uwar da ta tura 'yarta baya, 'yar wata ta tura gaba." 'Yar maƙwabciyarta aka ɗauka. Yarinyar ta dawo bayan watanni, da aka sayar da gona da shanun noma. Har yau Gwaggo ba ta iya haɗa ido da uwar yarinyar, ita ma uwar ba ta taɓa ce mata uffan ba. Sau ɗaya tak Gwaggo ta ba ni wannan labari, cikin dare, da murya ƙasa-ƙasa.

To, wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wata Bajamushiya da ta rasu tun 2009, wadda ba ta taɓa jin sunan garinmu ba, ta nuna mini daren Gwaggo fiye da yadda wani rahoto ko jawabi ko wasan gargajiya na ƙasarmu ya taɓa nuna mini. Wannan abin kunya ne a gare mu, kuma ina so in faɗi waɗanda nake ganin kunyar ta rataya a wuyansu.

Amma bari in fara gaya wa mai karatu abin da na kalla. Kiɗan na Igor Stravinsky ne, ɗan Rasha, sunansa da Faransanci Le Sacre du printemps, wato hadayar da ake yi don shigowar bazara. An fara nuna shi a Faris ranar 29 ga Mayu, 1913, da rawar da Vaslav Nijinsky ya tsara, kuma 'yan kallo sun yi ta ihu da hayaniya a daren, don sun saba da rawar bale mai taushi, ta tsayuwa a kan yatsun ƙafa, sai ga mutane suna dirka ƙafa a ƙasa. Ashe dariyar samarin Zariya tana da kakanni a Faris. A 1975 Pina Bausch ta sake tsara rawar a garin Wuppertal na Jamus, ta sa aka lulluɓe dandamali da baƙar ƙasa don masu rawar su yi ta da wahala ta gaske, su gaji gajiya ta gaske. Wadda na kalla kuwa 'yan Afirka ne suka taka ta, mutum 38 daga ƙasashe 14, waɗanda aka tara a makarantar rawa da Germaine Acogny ta kafa a Toubab Dialaw, kusa da Dakar a Senegal. Suna dab da fara yawon nuna ta a 2020 sai annobar korona ta rufe duniya. Kafin su watse suka fita bakin teku suka taka ta sau ɗaya, aka ɗauka a hoto.

Yanzu ga garinmu. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara, kuma a cikinsu aka yi shekaru fiye da goma ana cin naman mutanenmu. An kashe masallata a Dogon Dawa a watan Oktoba na 2012. An kashe mutum fiye da 40 a Gwaska a watan Mayu na 2018. A ƙarshen Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta sa aka yanke layukan waya, aka hana hawa babur, bayan an riga an rufe kasuwannin mako, muka yi makonni ba mu san halin da iyayenmu ke ciki ba. A watan Maris na 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, a kan hanyarmu ta zuwa Kaduna. Hanyar nan mai tsawon kimanin kilomita 120 ta zama sai da rakiyar sojoji, sai da wasiyya. Duk waɗannan an rubuta su. Akwai su a jaridu, da kwanan wata da adadi. Abin da ba a rubuta ba shi ne gwiwar hannun Gwaggo. Adadi yana faɗin mutum nawa aka ɗauka, ba ya faɗin abin da waɗanda ba a ɗauka ba suka yi da jikinsu a wannan minti, wanda kuma suke ɗauke da shi har kabari. Akwai abin da baki ba zai iya faɗa ba don kunya, ko don tsoron tayar da husuma tsakanin maƙwabta. Bahaushe ya san haka tun da ya ce jiki magayi.

Na farko da zan yi wa magana su ne masu cewa wannan rawar Turawa ce, ba ta da gurbi a ƙasar Hausa. Ina so su gaya mini wace rawa ce ta faɗo daga sama. Koroso da muke tinƙaho da ita, wadda ake kaiwa ƙasashen waje a matsayin tambarin al'adarmu, ba kakanninmu na ƙarni goma suka bar mana ita ba. A Kano aka tsara ta a farkon shekarun 1970, aka ɗebo taku daga rawar Fulani da ta Hausawa, aka jera maza da mata bibbiyu, aka ɗaura musu kacau-kacau a ƙafa, aka yi ta gwaji har ta zauna. Wasu mutane ne suka zauna suka yi tunani suka tsara, daidai da aikin da Pina Bausch ta yi. Bambancin kawai su sun tsara don nishaɗi da nuna gwaninta, ita ta tsara don ta yi tambaya. Haka nan masu wannan ƙorafi ba su taɓa ɗaga murya ba sa'ad da finafinanmu suka kwaso rawar Indiya ɗungurungum, saurayi na bin budurwa a tsakanin furanni, muka kalla shekara da shekaru har ta zama tamu. Ke nan baƙunta ba ita ce damuwarsu ba. Rawar da ke sa mutum murmushi muna karɓarta ko daga ina ta fito. Wadda ke hana barci ita muke tambaya asalinta.

Na biyu su ne masu cewa fitsara ce, addini bai yarda ba. Waɗannan ina girmama su, domin ni ma Musulma ce, kuma na yarda da rabin maganarsu. Shigar da na gani a majigin nan ba zan sa ta ba, ba kuma zan so ƙanwata ta sa ba. Malamanmu tun zamanin jihadi sun yi tsawa a kan cakuɗuwar maza da mata a wurin kiɗa, kuma suna da hujjarsu. Sai dai tufafi daban, motsin jiki daban. Ni ba malama ba ce, amma na karanta a Islamiyya, kamar kowa, cewa Habashawa sun yi wasa da māsu a masallacin Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar Nana A'isha ta kalla yana kāre ta. Buhari da Muslim duk sun ruwaito. Wa ya hana mata su taka a gaban mata, a cikin gida, da zane da ɗankwali, kamar yadda muka yi gaɗa muna yara? Wa ya hana maza su taka tasu, kamar yadda 'yan tauri da maharba ke yi tun fil azal? Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ma'aunin kunyar tamu. An kwashe 'yan mata an kai daji watanni, an dawo da wasu da ciki, mun haɗiye, mun ce ƙaddara. Amma a ce wata ta tsaya a fili ta nuna da jikinta abin da aka yi musu, nan ne kunya za ta kama mu. Ina tsoron kada abin da muke kira kunya ya zamo gudun a tuna mana ne.

Na uku su ne masu cewa mutanen da ba su ci sun ƙoshi ba, ina su ina rawa? A ba su taki da hanya da asibiti tukuna. A ba su, ni ma ina roƙo. Amma wanda ya faɗi haka bai san abin da aka fara ƙwace mana ba. Kafin a ƙwace gonaki, dare aka fara ƙwacewa. Ina ƙarama, idan farin wata ya fito, dandalin ƙauyen su Gwaggo cike yake da 'yan mata masu gaɗa, wata ta faɗo da baya sauran su tallabe ta su cilla sama. Wannan wasa darasi ne na amana, domin kina faɗuwa ba ki waiwaya, kin san akwai hannuwa a bayanki. Bayan kaka ana kalankuwa, da azumi yara na tashe suna kwaikwayon mai rowa da mai kwaɗayi, gari na dariyar kansa. Duk wannan ya mutu a ƙauyukanmu da yawa, domin taro da dare kiran mutanen daji ne, kiɗa kuma nuna musu hanya ne. Akwai yaran da aka haifa a 2013 waɗanda har suka balaga ba su taɓa ganin dandali ba. Matan da suka koyi tallabe juna a gaɗa su ne aka tilasta wa ture 'ya'yan juna a tsakar gida. Buhun taki ba zai gyara wannan ba.

Amma babban fushina ba a kan waɗannan uku yake ba. Yana kan mu da muka yi boko, da ofisoshin al'adu da muka gāda. Mun mayar da rawa tabarmar tarbar baƙi. Idan babban mutum zai sauka a filin jirgi, ko za a buɗe wani gini, sai a kwaso 'yan rawa a mota, a sa musu kaya masu ƙyalli, su yi minti biyar suna washe baki, a liƙa musu kuɗi, a ce an raya al'ada. Tun hawan dawakin da aka yi a Kaduna lokacin bikin FESTAC na 1977 muke maimaita hoto guda, na mutanen Arewa masu ado da fara'a. A shekarun da ake binne mutanen Gwaska, rawarmu ta hukuma murmushi take yi. Ban taɓa ganin an sa ta ta yi makoki ba, ko ta yi tuhuma, ko ta tambayi mai mulki ina yake a daren. Mun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Kiɗan ƙasarmu ya sauya tuntuni, ya koma ƙarar babura da bindiga, mu kuwa muna nan muna taka ta jiya.

Ba kuma don ba mu da abin koyi a gida ba ne. A Samaru ɗin nan da na yi karatu, tun tsakiyar shekarun 1970 aka gina dandalin wasan kwaikwayo na jar ƙasa irin ginin Hausa, kuma malamai da ɗalibai, su Michael Etherton da Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka riƙa fita ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolin manoman. Hanyar a share take. Abin da ya rage shi ne a bi ta da jiki, a inda magana ta gaza.

Akwai wata rawar da na nema na kalla daga baya, ta malamin Pina Bausch, Kurt Jooss, mai suna Koren Tebur. Ta ci gasa a Faris a 1932, shekara guda kafin Hitler ya hau mulki, Jooss ya bar Jamus don ya ƙi korar Yahudawan da ke aiki tare da shi. Tana buɗewa da manyan mutane cikin baƙaƙen kwat, fuskokinsu a rufe, suna musu a kewayen tebur. Suka harba bindiga, yaƙi ya tashi, Mutuwa ta bi soja da tsohuwa da budurwa ta ɗauke ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe sai ga manyan nan sun dawo tebur ɗinsu, suna musun nan dai, kamar ba a yi komai ba. Na tuna da ita a watan Nuwamba na 2024, sa'ad da Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka yi sulhu da 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu. Kada a yi mini mummunar fahimta. Na yi murna da sulhun, na bi hanyar Kaduna ba tare da na bar wasiyya ba, na ga manoma sun koma gonakin da suka yi shekaru ba su taka ba. Allah ya ɗorar da shi. Amma a teburin sulhu masu bindiga da masu mulki ne ke zama. Gwaggo ba ta da kujera a wurin, maƙwabciyarta ma haka. An sasanta gari da daji, ba a sasanta uwa da uwa ba, kuma ba takardar da za a sa wa hannu ta yi wannan aikin.

Ba na cewa a kwafo rawar Pina Bausch a dasa a Birnin Gwari. Hasali ma ina da ƙorafi a kanta. A cikinta ba wanda ya ce a'a. Yarinya ta mutu, taro ya tsaya yana kallo, kamar haka abin yake tun ran gini. Namu labarin ya fi haka faɗi. Akwai uban da ya bi sawu cikin daji da kuɗin fansa a ƙulle a cinya, akwai matasan da suka tsaya da bindigar toka a bakin gari, akwai Bafulatanar da aka ƙone wa ruga ba ta san hawa ba ta san sauka ba, akwai kuma ɗan gari da ya sayar da maƙwabcinsa da kuɗin kati. Ba na kuma so wani gwani ya zo daga Legas ko Faris ya yi mako biyu a otal a Kaduna, ya ɗebi hawayenmu ya kai kasuwar duniya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da nake nema a ara shi ne ƙarfin halin, wato yarda cewa jikin mutum yana iya ɗaukar magana mai nauyi, kuma ɗan kallo ba dole ne ya tashi yana murmushi ba. Takun kuwa muna da shi. Faɗuwar gaɗa tana nan. A yi tunanin yarinya ta faɗo da baya kamar kullum, hannuwan da ke bayanta su janye. Duk macen ƙasarmu za ta gane wannan ba tare da an ce mata komai ba.

Saboda haka kirana ga sassan wasan kwaikwayo na jami'o'inmu, da hukumomin al'adu na jiha, da 'yan'uwana matasan Birnin Gwari da muka yi karatu muka dawo muna zaman jiran aiki, shi ne a nemi tsofaffin zabiyoyi da makaɗa da suka gudo cikin gari tun ba su ƙare ba. A zauna da matan da abin ya shafa, a rufe ƙofa, a bar su su zaɓi abin da za a nuna da wanda za a bari. A fara a tsakar gida, mata zalla, kafin a yi maganar dandamali. Kuɗin da ake kashewa a tarbar baƙo guda ya isa.

Da na dawo gida bayan kammala karatu, na samo wani guntun rawar a intanet na nuna wa Gwaggo a waya. Na yi zaton za ta yi salati ta ture, ganin shigar matan. Ta yi salatin, amma ba ta ture ba. Ta kalla har inda jan ƙyallen ya fara yawo, sai ta sa yatsa a kan gilashin, a kan wata mace da ta laɓe a bayan sauran, ta ce, "Ga ni nan." Muka yi shiru. Can ta tambaye ni, "Su waɗannan, wa ya gaya musu?" Na ce ba kowa, Gwaggo. Ta miƙo mini wayar, ta gyara ɗaurin zanenta, ta ce in akwai hali in kai wa maƙwabciyar tata ita ma ta gani, amma kada in ce ita ta aiko ni.

Na kai.